Giɓin da Injiniya Ya Toshe

Ni ba mai son kai ƙara ba ne. Duk shekarun da na yi ina riƙe da alli ban taɓa kai ƙarar ɗalibi wajen ubansa ba, a cikin aji nake gama shari'ata. Amma yau ga ni tsofai-tsofai da ni, zaune a tsakar gida, littattafaina shanye a kan igiya kamar wankin jarirai, ina rubuta abin da ƙanin matata ya yi mini. Duk mai hankalin da ya karanta, shi ya yi hukunci.

Bari in fara da bayanin wurin, don ba na son a yi mini gurguwar fahimta. Garinmu a gindin tudu yake. Daga tudun akwai kwari da ya gangaro, in damina ta kankama ruwa ya biyo shi da gudu. Gidana shi ne na ƙarshe a gangaren. A bayan gidan, jikin katanga, na gina ɗan ɗaki bayan na yi ritaya, na jera littattafan da na tara tun ina sabon malami, da niyyar buɗe wa yaran unguwa wurin karatu. Wani gonarsa ce dukiyarsa, wani shanunsa. Ni wannan ɗakin ne tawa.

Tun da daɗewa wasu ma'aikata suka zo suka tare kwarin da madatsa ta ƙasa. A gefe ɗaya suka bar wani wuri da bai kai sauran tsawo ba, suka shimfiɗa masa duwatsu. In ruwa ya cika, ta nan yake fita, ya zagaye gari ya faɗa fadama. Mutane suna kiran wurin giɓi. Tun da aka yi madatsar nan babu wanda ya ƙara kwashe ruwa a ɗakinsa.

Muna zaman zamanmu sai ga ƙanin matata ya dawo daga birni, da hular kwano ruwan ɗorawa da riga mai ƙyalli. Ya ɗan taɓa aiki a wurin da ake gina wani babban dam. Wani direban tifa ya gaya mini ainihin aikinsa: shi ne mai tsayawa a bakin hanya da jan ƙyalle yana ɗaga wa motoci. Amma a bakinsa sai ka ji, "Lokacin da muka gina dam ɗinmu." Ya ce daga yau Injiniya ne sunansa. Ko yayarsa ta kira shi da wani suna ba ya waiwayowa.

A teburin mai shayi ya fara.

"Wai wannan ce madatsar da kuke taƙama da ita? Mai wawulo? An cuce ku, jama'a. Ba a gama aikin ba aka tattara kaya aka gudu."

Na ajiye kofina na ce, "Ba wawulo ba ne. Mafitar ruwa ce. Da gangan aka bar ta."

"Yaya Malam ke nan! Kai a littafi ka karanta ruwa, ni kuwa kokawa na yi da shi."

"Ka taɓa ganin buta ba hanci? In ta cika ta ina za ta zubar?"

"Kai kuma ka taɓa ganin wanda ya sayi sabon bokiti ya ɓantare masa baki?"

Aka tuntsire da dariya. Mai shayi, wanda ni na koya masa haɗa baƙi, ya ce, "Malam, yau dai an kayar da kai."

Injiniya ya hau kan benci. Ya ce in aka toshe giɓin ruwa zai ninka. Za a zuba kifi har sai mun gaji da ci mun koma ba kaji. Za a sa kwalekwale, mutanen birni su riƙa zuwa shan iska. Daga baya ma zai jawo lantarki daga ruwan, har ɗakin awaki sai fanka ta juya. Tela ya tambaya ko kekensa zai samu wuta, aka ce shi ne na farko. Mai gari ya ji an ambaci kifi, ya ce ai maganar yaron nan abin dubawa ce.

Na bi mai gari har gida, na zana masa madatsar a ƙasa da sanda, na nuna masa inda ruwa zai bi in an hana shi hanyarsa. Ya bi zanen da ido har ƙarshe, ya ce, "Wannan ɗan akwatin fa?"

Na ce, "Gidana ne."

Ya ce, "Allah ya kiyaye, Malam. Amma zanen ya yi kyau."

Ranar aikin gari ya fito kaf. Ban taɓa ganin mutanen nan sun yi aiki da zuciya ɗaya haka ba, su da in an ce a share kwalbati kowa sai ya tashi da ciwon baya. Aka kwaso yumɓu da duwatsu aka cika giɓin, aka yi ta tsalle a kai ana dannewa. Injiniya yana tsaye da usur. Da aka kai daidai da sauran madatsar ya ce a ƙara, don a nan zai riƙa ajiye kujerarsa. Haka wurin da ya kamata ya fi ko'ina ƙasa ya koma ya fi ko'ina tsawo.

Da na ga bakin alƙalami ya bushe, sai na nemi sulhu. Na samo doguwar sanda, na shafe ta da farin fenti, na ja mata jan layi, na kafa ta a cikin madatsar. A gaban mai gari da shaidu aka yi alkawari: ranar da ruwa ya taɓa jan layin nan, za a buɗe giɓin. Injiniya ya dafa ƙirji ya ce, "In ya taɓa, da haƙorina zan tone shi."

Damina ta sauka. Kullum da safe in hau in duba sanda, kullum ruwa yana ƙasa da jan layi da kamar tafin hannu. Ana ruwa, yana nan a tafin hannu. An kwana biyu ana tafkawa, yana nan a tafin hannu. Amma dutsen da mata suke wanki a kai ya ɓace. Kututturen da ake ɗaure jaki ya ɓace. Ni dai na koyar da lissafi, na san ba a ƙara abu a kan abu ya zauna yadda yake.

Ran nan na tarar da shi a kujerarsa, na dubi hannun rigarsa.

"Injiniya, me ya sami gwiwar hannunka ta yi ja?"

"Tumatir na yanka."

"Da gwiwar hannu?"

"Yaya Malam, kowa da yadda yake yanka nasa."

Ashe da gwangwanin fentinsa yake zuwa, ya shafe layina da fari, ya ja sabo a sama. Da sandar ta ƙare sai ya ɗaura mata muciyar yayarsa a kai, ya ci gaba da ja. Na kira mai gari na nuna masa ɗaurin da igiyar. Injiniya ko gezau.

"Ɗanyen itace ka kafa, Yaya Malam. Damina ce, tsiro ya yi."

Mai gari ya ce shi dai abin da aka yi alkawari a kai jan layi ne, kuma ga shi nan ruwa bai taɓa shi ba.

Ba a jima ba ruwa ya fara tsattsafowa a gindin madatsar, ta ɓangaren gari. Na ɗebo a kofin gilashi na kai masa.

"Gumi ne," in ji shi. "Madatsa mai lafiya dole ta yi gumi. Namu na birni har tawul ake ajiye masa."

"Dubi kofin nan da kyau. Da ruwan garau yake, da da sauƙi. Wannan laka ce. Cikin madatsar ruwa yake ci yana fitowa da shi."

"To ai ka ga yana wanke ta ta ciki ke nan."

Da yamma na shiga ɗakina zan miƙe bayana, na tarar da gado ba katifa. Na fito na ce wa matata, "Ina katifata?"

Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. "Aro ya yi, Malam."

"Wa?"

"Auta mana. Wai zai ɗan danne gumin. Ya ce da an shiga rani zai dawo da ita."

"Katifata ce a gindin madatsa?"

"Haba Malam, kai fa ka ce tana sa maka ciwon baya. Yaron nan a hannuna ya tashi, sau ɗaya dai ya samu abin da gari ke girmama shi, sai ka bi ka sa masa ido?"

Yaron da take faɗa furfura ta fara fito masa a gemu.

Daga nan abubuwa suka yi ta bin juna. Gafiyoyi suka haƙa ramuka a jikin madatsar, Injiniya ya bi gida-gida ya aro kyanwoyi ya sake su a can. Kyanwoyin suka dubi gafiya suka ga ta fi ƙarfinsu, suka koma kan 'ya'yan kifin da aka ajiye a baho za a zuba, suka cinye rabi. Ya ce saman madatsar ya yi fayau ba inuwa, baƙi ba za su ji daɗi ba, ya sa aka haƙa ramuka a jere a tsakiyarta aka dasa ayaba. Na ce masa ramin da gafiya ta fara daga ƙasa shi ya ƙarasa mata daga sama. Ya ce hassada ga mai rabo taki ce, kuma ayabarsa tana son taki.

Sai maganar kwalekwale. Makaniki ya yanke rufin wata matacciyar mota, aka kifa shi, aka liƙe ramukan da kwalta. Tela ya ɗinka tuta. Aka sa ranar bikin buɗe madatsa.

Ranar ta zo da rana tarwai a gari, amma can kan tudu hadari ya yi baƙi ƙirin, ana ganin ruwa yana zuba. Na fita neman baro in kwashe littattafaina, na tarar duk barorin gari an tafi da su ɗaukar kujeru. Na ɗora abin da zan iya a saman kanta, bayana ya ce ya isa. Sai na ɗauki tsohuwar ƙararrawar hannu da aka ba ni kyauta ranar da na bar makaranta, na hau.

Na tarar gari duka a kan madatsa. Mai shayi ya kafa teburinsa tsakanin ayaba. Mata da goyo, tsofaffi a kujerun roba, ruwa kuwa saura ƙiris ya lashi ƙafafunsu. Muciyar ma ta nutse, babu sanda babu layi. Injiniya yana cikin kwalekwale da lasifika a hannu.

"Jama'a, ku dubi ikon ilimi! Ga wanda ya ce za ta fashe nan ya zo da ƙararrawa zai taya mu murna. A tafa wa Yaya Malam!"

Aka tafa mini. Ni da na zo ceton rai.

"Ranka ya daɗe," in ji Injiniya yana duban mai gari, "shigo mu zaga."

Mai gari ya dubi kwaltar da ke ɗiga, ya ce, "Fara gwada mana tukuna."

Na ji ƙasa tana motsi a ƙarƙashin takalmina kamar an taka cikin rago. Ban ƙara roƙon kowa ba. Na kaɗa ƙararrawa da ƙarfi, na daka tsawar da na daɗe ban yi ba: "Kowa ya shiga layi! A wuce kan tudu! Wanda na riga isa ya kuka da kansa!"

Rabin garin nan ta ajina suka bi. Ƙafafunsu suka yi biyayya kafin kawunansu su yi shawara. Manya-manyan magidanta suka bi layi sumui-sumui, har mai shayi ya rungumi tukunyarsa yana cewa, "Malam, ba ni ne na fara surutu ba."

Na ƙarshe bai gama hawa ba muka ji wani "fuf!" daga ƙasa. Katifata ce ta yi tsalle ta fito daga gindin madatsa, ta hau kan ruwa ta nufi gari ita kaɗai. Sai ayabar tsakiya ta rusuna kamar mai gaisuwa. Ta kusa da ita ta bi ta. Ruwa ya samu ramukan ayaba, ya haɗa su da na gafiya, tsakiyar madatsa ta buɗe baki.

Kwalekwalen Injiniya ya juya a hankali ya fuskanci wurin. Ba shi da abin tuƙi sai shebur. Ya tuƙa dama, kwalekwale ya yi hagu. Ya tuƙa hagu, ya yi ta juyawa kamar fankar da ya yi wa awaki alkawari. Amma bai saki lasifika ba.

"A kwantar da hankali! Gwaji ne! Haka muke yi a birni!"

Ruwa ya sure shi ya bi babban layi da shi. Mu kuma muna bin gefen tudu muna kallo. Ya wuce shagon Tela, tuta ta maƙale a rumfa ta tafi da rumfar. Ya wuce wurin mai shayi, bencuna suka bi bayansa a jere kamar masu rakiya. Wata tsohuwa da ta hau kan katanga da kazarta ta ƙwala masa kira, "Injiniya, lantarkin ne ya iso?"

"Yana tafe, Iya! A matsa daga hanya!"

Matata tana gudu tana kuka, "Auta, riƙe da kyau! Malam, yi wani abu mana!"

Me zan yi? Na riga na zana wa mai gari hanyar da sanda, kuma ruwan bai kauce wa zanena ko da taku ɗaya ba. Ya gangara kai tsaye zuwa ɗan akwatin nan. Muna kallo kwalekwale ya daki katangar bayan gidana, ta faɗi, ya shige ɗakin karatuna da tutarsa da rumfar Tela.

Da ruwa ya janye muka shiga, laka har gwiwa. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba, ko kaza ba ta mutu ba. Littattafaina kuwa ga su nan suna iyo, wasu sun kumbura kamar burodi. Injiniya yana zaune a saman kanta, hular kwano tana kansa, tarwaɗa tana motsi a aljihun rigar ƙyalli. Hancin kwalekwale ya nutse a cikin babban ƙamusuna.

Ya dube ni ya ce, "Sannu da gida, Yaya Malam. Ka ga amfanin ilimi? Ba don ƙamus ɗin nan ba da ban tsaya ba sai fadama."

Mai shayi ya leƙo ta inda katanga take a da, ya ce, "Injiniya, ka cika alkawari. Ka ce kifi zai zo har gida."

In faɗi gaskiya, don ni ba na tauye wa mutum haƙƙinsa: a duk madatsar nan wuri ɗaya ne bai motsa ba, shi ne giɓin da ya toshe. Har kujerarsa tana nan a kai, a bushe.

Mai gari ya yi zama. Yanzu kowa ya tuna cewa dama shi ma ya yi shakka. Tela ya ce tun ranar farko jikinsa bai ba shi ba. Aka yanke cewa gari zai gyara inda ya fashe, a kira masu aikin na gaskiya su duba. Injiniya zai tone giɓin shi kaɗai. Na tunatar da zaman cewa da haƙori ya yi alkawari, aka ce in yi haƙuri a bar shi da diga. Sannan zai sake gina mini katangata.

Ya tone giɓin, wannan kam ban musa ba. Ranar da zai yi katangar na tafi asibiti saboda bayana, don tun da katifata ta tafi a tabarma nake kwana. Katifar an tsamo ta a fadama, amma da yake ruwa ya ci ɗakin Injiniya, matata ta shimfiɗa masa ita a falona, wai na ɗan lokaci.

Na dawo na tarar da katanga ta tashi, miƙaƙƙiya, har da shafe. Sai dai a tsakiyarta an bar wani wuri mai faɗi da bai kai gwiwa ba, an shimfiɗa masa duwatsu tsaf. Ta nan awakin unguwa suke shigowa a layi. Littattafan da na shanya su ne abincinsu. Wata baƙar akuya tana tsaye da taswirar duniya a baki, ta cinye teku ta fara kan ƙasashe.

"Injiniya! Mene ne wannan?"

Ya fito yana goge hannu. "Mafitar ruwa ce, Yaya Malam. Ai na ɗauki darasi. Ka taɓa ganin buta ba hanci?"

"Katanga ce wannan, ba madatsa ba!"

"Kai ka ce a bar giɓi wancan karon, ba a ji maganarka ba aka sha wuya. Ni yanzu ko kai ka ce in toshe ba zan toshe ba."

Matata ta ce, "To Malam, ya toshe ka yi faɗa, ya buɗe ka yi faɗa. Yaya kake so yaron nan ya yi da ransa?"

Ga yadda nake so ya yi. Ina so a toshe giɓin katangata, kuma wani magini daban ya yi, Injiniya yana nesa da wurin, hannunsa a aljihu. Ina so a dawo mini da katifata, wanda ke kanta ya nemi wani falon. Ina so masu awaki su san cewa abin da dabbobinsu suka ci ba dusa ba ce, kuma littafin da ya shiga cikin akuya a sayo mini irinsa. Kwalekwalen yana nan cikin ɗakin karatuna, don ta katanga ya shigo kuma ba ya fita ta ƙofa, a zo a yanka shi a fitar. Sandar awo kuma da za a kafa a sabuwar madatsa ta ƙarfe nake so, wadda ba ta tsiro, a kuma hana sayar wa mutumin nan jan fenti ko da ya ce ƙofa zai shafa.

Mai gari ya ce in kawo shaidu. Duk wanda ya ga abin nan da idonsa, kuma yake tsoron Allah, ya zo gidana mu tafi tare. Ba sai ya ƙwanƙwasa ƙofa ba. Ya zagayo ta baya ya shigo ta giɓin, kowa ma yanzu ta nan yake shigowa. Ya dai lura da baƙar akuyar nan, tana tunkuyi.